Yadda Jan Haske Ya Cinye Mini Shago

Mijina bai taɓa ganin mutum yana aikinsa ya ce masa "sannu da ƙoƙari" ba. Sai dai ya karkace kai, ya taɓe baki, ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne, ni ma zan iya." Shi ya sa duk layinmu ake kiransa Farfesa, shi kuma yana amsawa da ƙarfinsa, don har yau bai gane tsiya ake masa ba.

Ni tela ce. Shagona ne na tsakiya a jerin shagunan Baba, mai aski a damana, mai walda a haguna. Tun ina amarya na shigo da kekena wurin, wani tsohon keke na ƙarfe mai nauyin tsiya, har ƙafafunsa sun yi gurbi a siminti. Da shi nake riƙe da gida, domin sana'ar Farfesa ita ce fara sana'a.

Shi ya gyara wa mai aski fankar sama, ta yi juyi kaɗan ta sauko ta zauna a kan kujerar aski. Allah ya taimaka babu kowa a kai. Shi ya ɗora tankin ruwa a rufin shaguna, wai zai raba mu da sayen ruwa, muka wayi gari kowa yana kwashe ruwa da bokiti. Ranar Baba mai shaguna ya kira ni gefe. Dattijo ne mai haƙuri, amma haƙurin ya kai maƙura.

"'Yata, ke ba ni da matsala da ke," in ji shi. "Amma wallahi mijinki ya sake yi mini gwaninta a ginina, zan karɓi makullina. Na rantse, kuma ba zan yi kaffara ba."

Na je gida na faɗa wa Farfesa da hawayena. Ya ce in kwantar da hankalina, Baba bai fahimci kimiyya ba ne.

Ana nan sai kafaɗar Innata ta riƙe, ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa. Aka tura ta sashen gashin ƙashi na asibiti, muka raka ta ni da shi. Wata ma'aikaciya ta kwantar da ita, ta sa mata baƙin tabarau, ita ma ta sa nata, sannan ta ɗauko wani abu kamar ƙaton biro mai fitar da ɗan jan haske, tana ɗora shi a kafaɗar tana matsarwa a hankali. Da ta gama ta shafa mai ta yi mata tausa, ta koya mata yadda za ta riƙa motsa hannun a gida. Farfesa na bakin ƙofa, wuya ya yi tsawo.

"Malama, wannan tocilar fa?"

"Ba tocila ba ce," in ji ta. "Leza ce mai ƙaramin ƙarfi. Ba ta zafi, ba a ma jin ta a jiki. Akan haɗa ta da tausa da motsa jiki don a rage ciwon tsoka, kuma gwargwado ake ba kowa. Tabarau ɗin don kare ido ne."

"Kuma sai da kika yi karatu kafin ki riƙe ta?"

"Shekaru ma kuwa."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ni na san dariyar nan. Ita ya yi kafin fanka, ita ya yi kafin tanki. Na ce a raina, shi ke nan, ta faru.

A hanya na ce masa, "Baban yara, don girman Allah."

"Me na ce?"

"Ba ka ce ba, amma hancinka ya ce."

"Uwargida, jan haske ne da matsa jiki. Ja fa! Launin da yake zube a ƙasan teburinki."

Washegari na dawo daga sayen zare na tarar an raba mini shago biyu da labule. A bayan labulen ga benci, ga tocilarmu ta gida an ɗaure mata baki da ƙyallen jan yadi. Farfesa na tsaye cikin farar rigar da wani ya kawo in rage masa hannu. A fuskarsa kuma ga gilashin walda, irin baƙi ƙirin ɗin nan da ba a ganin komai a cikinsa sai tartsatsin wuta. Wai na asibiti ma baƙi ne, nasa kuwa ya fi baƙi, saboda haka ya fi kariya.

"Kana ganina kuwa?" na tambaye shi.

"Sarai," ya ce, yana fuskantar ƙusar da nake rataye almakashi.

Mai aski ne ya fara faɗawa hannunsa. Ya kwana ba daidai ba, wuyansa ya karkace dama. Farfesa ya zaunar da shi, ya lalubo kansa kamar mai zaɓen kankana, ya kunna tocila.

"Farfesa, kunnena kake haskawa."

"Ta nan hasken yake shiga. Kai dai ka san aski, ka bar wa masu ilimi nasu."

"To ai ban ji komai ba."

"Madalla! Haka ake so. Leza ba a jin ta."

Sai aka zo tausa. Ku sani hannun mijina ba hannu ba ne, taɓarya ce. Ya kama wuyan bawan Allah ya murɗa, na ji wani ƙas daga inda nake zaune. Mai aski ya saki ƙara, ya fito da gudu da labulen a kafaɗa. Wuyan da ya shigo a karkace dama ya fita a karkace hagu.

"Ka ga ya motsa ko bai motsa ba?" Farfesa ya ɗaga murya yana bin bango da hannu. "Gobe ka dawo mu tsayar da shi a tsakiya!"

Duk wanda aka yi wa aski a makon nan an san shi a unguwa, domin gyaran fuskarsa ya gangara gefe guda. Mai aski kuwa in zai gaishe ni sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya ce, "Anti, ki faɗa wa mijinki Allah ya isa."

Na kwance labule, na ɓoye tocila a cikin buhun ƙyalle. Na ce masa, "Ka tuna rantsuwar Baba. In aka kore ni, me za mu ci? Haske?"

Ya zauna ya yi tagumi, har na fara murna na ɗauka nadama ce. Can sai ya buga cinya.

"Na gano! Ƙarfin ne ya yi kaɗan. Ba ki ji da bakinta ta ce mai ƙaramin ƙarfi ba? Da gangan suke ragewa don mutum ya yi ta zarya. Ni nawa mai babban ƙarfi zan yi, zama ɗaya a warke."

Ya je ya samo ƙaton ƙwan lantarki irin wanda masu kaji ke ɗumama 'yan tsaki da shi, ya shafe shi tas da jan farcena. Mai walda ya shigo karɓar gilashinsa yana ɗingishi, tsokar ƙafarsa ta ɗaure. Kafin ya ce wani abu an kwantar da shi a benci. Ni ina can ina auna wata mata, sai na ji ƙauri.

"Farfesa, akwai zafi fa," in ji mai walda.

"Ciwon ne yake fita."

"Ciwon ne yake wari haka?"

"Tsohon ciwo ne, dole ya yi wari."

"Kuma ba wannan ƙafar ba ce!"

"Na sani. Ta mai lafiyar ake farawa, ta kai wa 'yar'uwarta labari."

Mai walda ya yi tsalle ya diro, gashin ƙafarsa ya babbake sumul, hayaƙin jan farce ya cika shago. Matar da nake aunawa ta kwashe yadinta ta fita tana tari, ba ta sake dawowa ba. Shi kuwa ya tsaya a baranda yana nuna wa duk mai wucewa ƙafarsa.

"Jama'a ku gani! Tun ina saurayi nake wasa da wuta ba ta taɓa cin naman jikina ba, sai yau da na zo neman lafiya!"

"Amma da ƙafarka ka diro," in ji Farfesa. "Ɗazu da ɗingishi ka shigo. Ku shaida!"

Abin haushin, wasu sun gyaɗa kai. Mutane ba sa rasa abin gyaɗa wa kai.

Na yi sa'a ranar Baba bai zo ba. Ashe yana gida a kwance, ya sunkuya ɗaukar jikansa bayansa ya riƙe. Da na ji labari na yi masa addu'ar samun sauƙi, na kuma roƙi Allah kada mijina ya ji. Mai aski ne ya faɗa masa, da gangan, don ya ga ƙarshen abin.

Ranar da abin zai faru na tafi kai wa wata ɗinkinta. Tun daga nesa na hango taro a ƙofar shagona. Na ƙara sauri, takalmina har yana cirewa. Da na kutsa sai na ga teburin yankana a baranda, bandir ɗin yadin da aka kawo mini na ɗinkin 'yan makaranta yana kai, ba a ko sauke shi ba. A gefensa Baba ne kwance rub da ciki, an kifa masa murfin fuska na walda. A samansa an rataye fitilar mota da ƙwan lantarkin nan na masu kaji da wasu ƙwayayen da ban san inda aka samo su ba, duk an lulluɓe su da jan yadi, waya ta bi ta taga ta shige mitar shaguna.

"Baba!" na ce. "Don Allah ka tashi! Ba asibiti za ka ba?"

Muryarsa ta fito daga cikin murfin kamar daga rijiya. "Can na nufa, 'yata, ya tare ni. Ya ce can sai na yi ta zarya, shi kuwa zama ɗaya ne. Ni kuma ba na son layi."

"Baba, ka tambayi mai aski!"

"Ni ban ce komai ba," in ji mai aski, yana leƙowa a karkace da kilifa a hannu.

Na kama rigar Farfesa na ja shi gefe. "Ka rufa mini asiri. Wannan shagon shi ne cinmu, shi ne shanmu."

"Shi ya sa nake yi," ya ce, yana magana da ginshiƙin baranda. "In na warkar da shi, har shagon mai aski zai ƙara miki. Ki koma gefe, mata ba sa jure ganin aikin asibiti."

Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "'Yan'uwa, abin da wasu suka kwashe shekaru suna karantawa, ni a tsaye a bakin ƙofa na haddace shi. Ku buɗe ido!"

"Kai ma ka buɗe naka!" wani ya ce daga baya.

Ya kunna fitilu. Baranda ta yi jawur, zafi ya bugo mu har inda muke. Ya tsiyaya man kekena a tafin hannu, ya lalubi teburi, hannunsa ya sauka a kan bandir ɗin yadi. Ya danna. Ya murza. Ya gyaɗa kai irin na manyan likitoci.

"Kun gani? Tun ban yi nisa ba jiki ya saki. Baba, bayanka ya yi laushi kamar katifa."

"Ni ban ji komai ba," in ji Baba.

"Haka ake so! Leza ba a jin ta!"

Wata mata ta toshe baki da mayafi. Mai walda ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Farfesa ya ɗauka yabo ne, ya ƙara himma, yana naushin yadin 'yan makaranta yana zuba masa mai, yana yi wa jama'a bayani.

"Nan ita ce babbar jijiya. Kun ji yadda ta naɗe? A asibiti sai an ɗauki hoto kafin a gano ta. Baba, ka daɗe da wannan ciwon, har ƙashin bayanka ya zama kamar kwali."

"Kwalin ne, Farfesa!" in ji mai walda, hawaye na zubo masa. "Kwalin tsakiyar yadi ne!"

Dariya ta ɓarke, har da masu tafi. Ni kuwa ban yi dariya ba, ina kallon man keke yana ratsa yadin mutane, ina jin kamar in haɗiye zuciya. Na daka masa tsawa, "Cire gilashin nan ka ga abin da kake yi!"

"A cire a gaban leza? Kina so in makance?"

Ya gane dai akwai matsala, sai ya matsa gefe ya lalubo Baba na gaskiya. Don ya rama lokacin da ya ɓata, bai tsaya wasa da hannu ba. Ya ɗaga ƙafa ya hau teburin, ya kafa gwiwa a tsakiyar bayan dattijo.

"Wayyo Allah!" in ji Baba. "Yanzu na ji! Na ji! Sauka!"

"Ciwon ne yake fita!"

"Raina ne yake fita, ɗan banza!"

Teburin yanka an yi shi don yadi da almakashi, ba don ƙarti biyu ba. Ƙafar teburin ta baya ta ce ƙarass, ya kife. Baba ya gangaro, Farfesa ya biyo shi, bandir ya biyo Farfesa. Garin faɗuwa ya cafko waya, fitilun suka rufto, jan yadin da ya riga ya fara hayaƙi ya kama da wuta. Mita ta yi tartsatsi ta yi wata ƙara, wutar layin gaba ɗaya ta ɗauke.

Mai walda ya kwaro bokitin ruwan da yake tsoma ƙarfe, ya sheƙa a kan wutar, rabi a kan Baba. Daga shagon aski wani mutum ya fito da zane a wuya, rabin kansa a aske rabi da suma, yana tambayar wanda zai ƙarasa masa. Wata mai sayar da lemo a layin tana kururuwa firjinta ya ƙone. Farfesa kuwa yana zaune a cikin ruwa, har yanzu da gilashi, yana cewa, "Kowa ya kwantar da hankalinsa, an kusa gamawa. Baba, ɗaga hannu in ka ji sauƙi."

Aka cire wa Baba murfin fuska. Bai yi zagi ba, bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Aka ciccibe shi za a sa a mota, ya ce a dakata. Ya dube ni, ya miƙo tafin hannu.

"Makulli, 'yata."

"Baba..."

"Na rantse. Ki kwashe kayanki a nutse, amma makulli."

Na durƙusa a cikin ruwan nan, gaban kowa, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina. Bai sauya magana ba. Ban kuma ga laifinsa ba.

Baba ya yi makonni yana zarya a sashen gashin da ya guda, ana haska masa ɗan jan hasken nan da ba a ji, ana masa tausa a hankali, ana sa shi motsa jiki. Sannu a hankali ya miƙe. Likitan gashin da ya duba shi dama yana neman wurin da zai buɗe nasa a cikin unguwa. Baba ya ce yana da shago na tsakiya, babu kowa a ciki.

Ranar kwashe kaya na ce a kira mutane su kama keke. Farfesa ya ce wane mutane, dabara ce ba ƙarfi ba, shi ya san yadda ake ɗaga nauyi. Ya tattare hannun riga, ya sunkuya, ya rungumi keken, ya yunƙura. Keke bai motsa ba. Shi ma bai sake motsawa ba. A sunkuye aka kai shi gida, kamar mai neman allura a ƙasa.

Ya kwanta a falo, inda na jibge kekena tsakanin kujera da talabijin, yana nishi kwana da kwanaki. Da ya ishe ni, na zaro tocila daga buhun ƙyalle, na ɗaura mata jan yadi, na sa gilashin walda, na tsaya a kansa ina murza hannu.

"Uwargida, me za ki yi?"

"Zama ɗaya ne. Juya."

"Ki ji tsoron Allah! Ni ne fa uban 'ya'yanki!"

"Ba a jin ta. Kai ka faɗa."

"A kai ni wurin likita! Na roƙe ki, a kai ni wurin mai karatu!"

Haka na tallabo shi muka bi layinmu, mai aski da mai walda suka fito suna masa sannu da murya mai daɗi. An yi wa shagona farin fenti, an sa gado mai tsawo, an rataye labule mai kyau. Likita ya kwantar da shi rub da ciki, kansa na leƙen ƙasa, ya miƙa masa tabarau. Ko a hakan bakin bai mutu ba.

"Likita, ka san ni na kawo wannan sana'ar layin nan? Ba don ni ba da ba ka samu wurin nan ba. Matsa hagu kaɗan, ba haka ake riƙewa ba." Ya gyara tabarau ɗin, ya yi 'yar dariyar nan ta hanci. "Kuma an cuce ka, wannan gilashin jabu ne. Ina ganin komai a cikinsa."

"Kana gani?" na ce.

"Tar."

"To tunda yau kana gani, dubi ƙasa, daidai saitin fuskarka."

Ya duba. Fenti bai kai siminti ba. Gurbin ƙafafun kekena na nan guda huɗu, da ɗan wurin da dugadugina suka goge har ya yi santsi.

Likita ya kunna ɗan haskensa ya ɗora masa a baya. Ya tambaye shi ko yana jin wani abu. Farfesa bai amsa ba. Ya sake tambaya, ya ɗan ɗaga murya.

"Ƙyale shi, likita," na ce. "Yana ji."